Aikin Gwamnati, Gona da Tafiya: Yadda Ake Haɗa Su Ba Tare da Takardar Tuhuma Ba

Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana shiga aiki da sanin ranar fitarsa: shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da sakandare ne dokar 2022 ta ƙara wa zuwa shekara 40 da 65. Idan aka tara hutun kwana 30 na kowace shekara cikin shekara 35, ana samun kwana 1,050, wato kusan shekara uku cur. Da wannan lokaci ake noma, a je Hajji, a kai yara su ga Yankari, a koyi abin da rai yake so. Amma da yawa daga cikin ma'aikata suna yin ritaya ba su ci moriyarsa ba, wasu don ba su nema ba, wasu kuma don sun tafi da izinin baki suka dawo suka tarar da takardar tuhuma a kan tebur. Abu uku ne ke gyara lamarin ko su ɓata shi: lokaci, izini a rubuce, da kuɗin da aka ware tun da wuri.

Fara da sanin kwanakinka

Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun raba hutun shekara bisa matakin albashi: daga mataki na 07 zuwa sama kwana 30, mataki na 04 zuwa 06 kwana 21, mataki na 03 zuwa ƙasa kwana 14. Jihohi da hukumomi suna da nasu littafin dokoki, yawanci kusa da wannan. Ka je sashen kula da ma'aikata ka tambayi abu ɗaya takamaimai: kwanakin aiki ake ƙirgawa a wurinku ko har da Asabar da Lahadi? Bambancin ba ƙarami ba ne. Kwana 30 na aiki mako shida ne, na kalanda kuwa mako huɗu da kwana biyu. Wanda ya yi lissafi da na farko alhali na biyu ake bi, zai ƙara kwana goma sha biyu a waje ba da izini ba, kuma rashin zuwa aiki ba da izini ba yana cikin manyan laifuffukan da ke kai ga kora.

Hutun shekara ba ya taruwa da kansa. Wanda bai tafi ba har Disamba ta ƙare ya yi asararsa, sai fa idan ofis ne ya hana shi kuma aka rubuta cewa an ɗage masa. Saboda haka idan maigidanka ya ce "ka haƙura bana, aiki ya yi yawa", ka amsa da ladabi, sannan ka rubuta takardar neman a ɗage hutun zuwa baɗi, ya sa hannu, a saka a fayil ɗinka. Daraktoci ana canza musu wurin aiki, wanda zai gaje shi bai san alkawarin da aka yi a baki ba.

Akwai hutun uzuri na 'yan kwanaki don rasuwa, ɗaurin aure ko wata larura ta gaggawa, kuma a ƙa'ida daga hutun shekara ake cire shi. Maza a aikin tarayya suna da hutun kwana 14 idan matarsu ta haihu, tun bayan amincewar da aka yi a 2021. Mace kuma ta sani cewa a shekarar da ta ɗauki hutun haihuwa, hutun shekararta yana cikinsa ne, kada ta tsara wata doguwar tafiya tana zaton akwai saura.

Jadawalin hutu a farkon shekara ake cika shi, kuma nan ne mutane suke sakaci. Takarda tana zagayawa, kowa ya rubuta watan da ya faɗo masa a rai, daga baya a zo ana roƙon canji. Kafin ta iso teburinka ka ajiye kalanda uku gefe da gefe.

Ta farko ita ce ta ofishinku. Ma'aikacin sashen kasafi ba shi da sukuni daga lokacin da aka fara haɗa kasafin baɗi har a kare shi a majalisa, wato kusan rabin shekara na biyu. Akanta ba ya motsi a Disamba da Janairu. Malami hutun ɗalibai shi ne nasa. Ma'aikacin lafiya ya san damina lokacin zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa ne, bazara kuma sanƙarau, ga zagayen rigakafi. Malamin gona damina ce ranarsa. Neman hutu a tsakiyar irin wannan lokaci neman a ce maka a'a ne.

Ta biyu ita ce ta ranakun hutun ƙasa: 1 ga Janairu, Juma'a da Litinin na Ista, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba, sai Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi. Waɗannan ukun suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma ranar tabbas sai an ga wata ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar, don haka ka bar sararin kwana ɗaya ta kowane ɓangare. A ofisoshi da yawa ana yarda a raba hutu gida biyu. Idan hutun Sallah ya faɗa Litinin da Talata, ka jingina farkon hutunka da Laraba, ka ga ka samu kwana huɗu kyauta a gaba, tun daga Asabar.

Ta uku ita ce ta abin da kake son yi: shuka da girbi, lokacin tashin alhazai, hutun makarantar yara, watan da hanyar inda kake son zuwa take biyuwa.

Abu biyu kuma ba sa cikin kowace kalanda, amma suna iya rushe komai: jarrabawar ƙarin girma da tantance ma'aikata. Ƙarin girma yana zuwa bayan aƙalla shekara biyu ga mataki na 06 zuwa ƙasa, uku ga 07 zuwa 14, huɗu ga 15 zuwa 17. Ka san shekarar da ka cancanta, kada ka yi nisa a cikinta sai ka ji ranar jarrabawa. Tantancewa kuwa sanarwarta gajera ce, wani lokaci mako ɗaya. Wanda ba a ga fuskarsa da yatsansa ba ana dakatar da albashinsa, kuma dawo da suna cikin jerin albashi yana cin watanni. Takardar amincewa da hutunka ita ce hujjarka a nan. Ka ɗauki hotonta a waya, ka bar kwafi wurin abokin aiki da zai iya gabatar da ita a madadinka.

Yadda ake fita ofis a bar shi lafiya

Ka rubuta takardar neman hutu wata guda kafin ranar, ta bi ta hannun shugaban sashenka. Ka yi kwafi biyu, magatakardan rajista ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Bayan mako guda ka bi sawu, domin fayil yana kwanciya a tire ba don mugunta ba, don dai babu mai tambayarsa. Kada ka sa ƙafa a mota sai takardar amincewa ta fito ɗauke da ranar farawa da ranar dawowa. "Je ka, za a sa hannu daga baya" ba izini ba ne.

Takardar miƙa aiki ita ce abin da ke hana wayarka ƙara kana tsakiyar gona. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, amma ta ƙunshi lambar kowane fayil da ke hannunka da matakin da ya kai, wasiƙun da ake jiran amsarsu da ranar da wa'adinsu zai cika, tarukan da aka sa rana, makullai da kayan ofis da ka miƙa, da sauran kuɗin ofis da ke hannunka idan akwai, a ƙirga gaban shaida. Kai da mai riƙe maka ku sa hannu, shugaban sashe ya gani. Lambar sirrinka ta shiga na'urar biyan kuɗi ko ta albashi ba ta cikin abin da ake miƙawa. Duk abin da aka yi da ita sunanka ne zai fito, ko da kana Makka a ranar. Idan aikin yana bukatar shiga na'ura, a buɗe wa mai riƙon tasa ta hanyar hukuma.

Gona: abin da doka ta buɗe maka ƙofarsa

Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, sana'a ko kamfani na ƙashin kansa, amma ya fito fili ya cire noma daga wannan hani. Shi ya sa noma ya zama abin da ma'aikaci zai yi da rana tsaka ba ɓoye-ɓoye. Lokacin da Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a ofis a Disambar 2021, samar wa ma'aikata lokacin noma da iyali yana cikin dalilan da aka bayar.

Sai dai a san iyakar. Sayar da abin da gonarka ta haifa noma ne. Buɗe shago, neman kwangila ko zama manajan kamfani ba noma ba ne. Haka mai sha'awar ɗaukar hoto ko ɗinki: muddin don jin daɗi yake yi babu laifi, ranar da ya buga kati ya fara karɓar aikin biki da farashi, ya shiga sana'a. Gonar kuma da dabbobin a rubuta su a fom ɗin bayyana kadara na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wanda ake cikewa lokacin kama aiki, duk bayan shekara huɗu, da lokacin barin aiki. Gonar da aka bayyana tana bayyana inda ƙarin kuɗinka ya fito.

Kuskuren farko na manomin ƙarshen mako shi ne nisa. Gonar da ta wuce tafiyar awa ɗaya daga gidanka, a watan farko za ka je duk Asabar, a na uku sai ka koma tambaya ta waya. Na biyu shi ne girma. Ka fara da hekta ɗaya ko ƙasa da haka. Hekta ɗaya da aka kula da ita ta fi biyar da aka bar wa ciyawa.

Ɗauki masara misali. Hekta ɗaya tana cin iri kilo 20 zuwa 25, tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a rami. Wanda zai ba ta cikakken taki yana bukatar kimanin buhu takwas na NPK 15-15-15 da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya. Ayyukanta masu wa'adi huɗu ne: shuka bayan ruwa ya zauna, ba ruwan farko mai yaudara ba, takin farko cikin kwana 10 zuwa 14 da shuka, noman farko a mako na biyu zuwa na uku, sai yuriya a mako na huɗu zuwa na shida. Duk wanda aka makara da shi mako biyu, a buhu za a gani ranar girbi. Ka lura duka huɗun suna cikin mako shida na farko. Wanda masara ce gonarsa, rabin hutunsa a nan ya kamata ya faɗa, wajen Yuni zuwa Yuli gwargwadon yankinsa, sauran rabin kuma a kaka.

Ranar sa taki ka kasance a wurin da kanka. Ba zargin kowa ake yi ba, amma taki kuɗi ne a buhu, kuma ko ba a taɓa shi ba, yadda ake sa shi yana da muhimmanci. A tona ɗan rami kamar tsawon yatsa daga gindin shuka, a zuba a rufe. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa rana ta buge ta, rabonta iska ne. Wadda ta taɓa gindin shuka kuma tana ƙona ta. Ka ƙirga buhunan da aka buɗe, ka tafi da fankon.

Tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ita ce babbar abokiyar gabar wanda ke zuwa gona sau ɗaya a mako. Tana ɓuya a cikin kan masara, inda sabon ganye ke fitowa. Alamarta ganye mai ƙananan huji kamar an goge shi ya yi fari, da kashinta mai kama da garin katako a cikin maƙogwaron shukar. Tana ƙarama magani yana kama ta, idan ta girma ta nutse ciki sai wahala. Ka koya wa mai kula maka da gona ya duba shuka ashirin a wurare daban-daban ranar Laraba ya turo maka hoto, kai kuma ka duba ranar Asabar. Feshi da sassafe ko da yamma ake yi, a saita bakin famfo cikin maƙogwaron.

Wanda aikinsa ba ya barinsa a damina, ya duba kiwon raguna. A saye su wata uku zuwa huɗu kafin Babbar Sallah, a fara da maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi a wurin likitan dabbobi, a ware sabo daga tsofaffi na mako biyu. Ribar kiwo a abinci take: harawa, dusa da ƙowar wake a saye su da kaka lokacin da suke araha, a adana inda ruwa da gara ba za su kai ba. Wanda ya jira sai bazara ya fara sayen harawa ƙulli-ƙulli, ragon ne zai cinye ribar. Kajin gidan gona na nama suna isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, amma ba su dace da mai yawan tafiya ba. A zafin Maris da Afrilu, awa kaɗan ba ruwa ya isa a kwashe gawa. Itatuwa kuwa, mangwaro, gwaiba, zogale, su ne suka fi haƙuri da ma'aikaci: shinge mai kyau saboda awaki, ban ruwa a rani biyu na farko, daga nan su suke jiranka.

Ba kowa ne manomi ba. Mai ƙwallo ko guje-guje ya nemi ƙungiyar wasanni ta ma'aikatarsa, domin akwai gasar ma'aikatan tarayya ta FEPSGA, kuma dokokin aiki sun tanadi izini ga wanda aka zaɓa ya wakilta a wasanni ko al'adu. Mai rubutu ya rubuta abin da ya ga dama na adabi, tarihi ko addini, amma ya tuna rantsuwar riƙe sirri da ya yi. Abin da ya gani a fayil ba ya fita, ko a jarida ko a Facebook, ko da an sauya sunaye. Kowace irin sha'awa ce, ka ba ta lokaci tsayayye, misali bayan La'asar ranar Talata da Alhamis, ka sanar da iyali. Abin da aka bar wa "in an samu lokaci" zaman majalisa ne zai cinye shi.

Kuɗin tafiya

Albashi ba ya barin saura, ko na mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ko na darakta. Saboda haka kuɗin hutu ranar da albashi ya shigo ake cire shi, ba ƙarshen wata ba. Ka umarci banki ya riƙa tura wani kaso, ko da biyar cikin ɗari ne, zuwa wani asusu da ba ka da katinsa. Naira 10,000 a wata ita ce 120,000 a shekara. Adashin ofis ma yana aiki idan ka nemi kwasarka ta faɗo wata guda kafin hutunka. Jihohi da dama suna biyan kuɗin hutu daban, galibi kashi goma cikin ɗari na tushen albashin shekara, amma ba lallai ya zo a watan da za ka tafi ba, don haka ka ɗauke shi ƙari, kada ka gina tafiya a kansa.

Bashi don yawon buɗe ido kuskure ne. Tafiyar mako guda ce, cirewa daga albashi shekara guda. Idan abin da ake cire maka na basussuka ya kai kashi ɗaya cikin uku na abin da kake karɓa, bana ba shekarar nisa ba ce, a zaga kusa. Kuma kada ka karɓi tikitin jirgi ko ɗakin otal daga ɗan kwangilar da fayil ɗinsa ke bi ta teburinka. Dokar ɗa'a ta yarda da kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada, ba ta mai neman sa hannunka ba.

Tafiyar aiki dama ce ta ganin gari, amma a raba ta da ta kai. Idan an tura ka taro Kalaba ko Legas kana son ƙara kwana biyu, ka rubuta a cire su daga hutunka, ka biya masaukinka. Alawus na kwanakin aiki ne kawai. Motar ofis ta koma ranar da aiki ya ƙare. Kuɗin da aka ba ka kafin tafiya, ka kawo rasit ka rufe lissafinsa a makon da ka dawo, kafin takardu su ɓace, in ba haka ba odita zai tono shi bayan shekara biyu a cire daga albashi.

Ina za a je, kuma yaushe

Yankari a Jihar Bauci ta fi daɗi daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. Daga garin Bauci tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce. Ruwan Wikki ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Kwana biyu sun isa, a kama ɗaki tun kafin a taso idan lokacin hutun ƙarshen shekara ne, a fita kallon dabbobi da sassafe, kuma a rufe abinci a mota ko ɗaki saboda gwaggon biri ba ya jin kunyar fizge leda a hannun yaro.

Mai kwana uku da kuɗi kaɗan yana iya haɗa Kano, Daura da Katsina: Gidan Makama, Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata a rana ɗaya, rijiyar Kusugu washegari, sai hasumiyar Gobarau. Hawan Sallah na Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, bikin kamun kifi na Argungu tun 2016. Dukansu biyu a tabbatar za a yi kafin a kama hanya, domin akwai shekarun da ake dakatar da hawa, Argungu kuma ba kowace shekara ake yi ba. Tsaunin Mambila a Taraba yana bukatar aƙalla kwana biyar saboda nisan Jalingo zuwa Gembu da hawan dutse, a je da rani, da mota mai lafiyar birki da rigar sanyi ta gaske.

Maganar tsaro ba a yi mata wasa. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take a makon, ba a watan jiya ba. Ka shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ka tashi bayan Asuba, ka tsara isa kafin Magariba. Idan tafiyar ta fi haka, a raba ta kwana biyu. Tsakanin Abuja da Kaduna akwai jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, tikiti ta intanet, kuma a jajibirin Sallah yana ƙarewa da wuri.

Fita waje da aikin Hajji

Hutu bai ba ka izinin barin ƙasa ba. Takarda ce daban, wadda za ta nuna ƙasar da za ka, ranakun, da cewa kai ke ɗaukar nauyin kanka. Ka haɗa ta da takardar hutu tun farko. Ofisoshin jakadanci ma sukan nemi wasiƙar wurin aiki da ke tabbatar da matsayinka da ranar dawowarka. Da koren fasfo ake tafiyar kai. Shuɗin na aikin hukuma ne kawai. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma mai shafi 64 na shekara goma ya fi wa mai niyyar tafiye-tafiye sauƙi a kan mai shafi 32 na shekara biyar. Katin rigakafin shawara yana fara aiki kwana goma bayan allura, kada a bar shi sai makon tafiya. Mai son ziyarar 'yan'uwa ko ganin fadar Damagaram da masallacin Agadas ya tuna Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ya binciki takardun da ake nema a iyaka a lokacin tafiyarsa, kuma ko Maraɗi za shi, fita ƙasa ce a idon ofis.

Hajji shi ne tafiyar da ta fi bukatar lissafi. A dokokin tarayya, wanda ba aikin hukuma ya kai shi ba daga hutun shekararsa yake tafiya. Alhazan da ke bin hukumomin jihohi sukan yi mako huɗu zuwa shida, kuma ranar tashi da ta dawowa ba a hannunsu take ba, jadawalin jirage ne. Kwana 30 na iya gazawa, kwana 21 kuwa ba za su isa ba. Mafita ita ce a fara shiri shekara guda kafin nan: kada a taɓa hutun uzuri a shekarar, a nemi ɗage wani ɓangare na hutun bara a rubuce idan ofis ya yarda, kuma a rubuta a takardar neman izini cewa ranar dawowa tana bin jigilar hukumar alhazai, a liƙa shaidar biyan kujera. Idan jirgi ya yi jinkiri, tun daga can a aiko da saƙo a rubuce ga shugaban sashe, a kuma karɓo shaidar jinkirin daga jami'in alhazai. Wajen tara kuɗi akwai asusun adashin gata na Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020, wanda ya dace da mai albashi saboda kaɗan-kaɗan ake zubawa.

Rashin lafiya a kan hanya ma takarda take so. Ka je asibitin gwamnati, ka karɓi shaidar likita mai hatimi, ka aika hotonta ofis kafin ranar da ya kamata ka dawo, ba bayanta ba.

Ka dawo gida kwana biyu kafin hutu ya ƙare, domin mota tana lalacewa, jirgi yana ɗagewa, jiki kuma yana son kwana ɗaya. Ranar da ka koma ofis, kafin gaishe-gaishe da rabon tsaraba, ka rubuta takardar dawowa aiki da kwanan watan ranar, a buga mata hatimi a rajista, a saka a fayil. Sannan ka zauna da wanda ya riƙe maka, ku bi takardar miƙa aiki layi-layi, ku ƙirga makullai da kuɗi, ku sake sa hannu. Kwafin waɗannan takardu uku, ta amincewa, ta miƙa aiki da ta dawowa, ka ajiye su a gida cikin jakar da takardar ɗaukarka aiki take, domin ranar haɗa takardun fansho ana iya tambayar inda kake a wani wata na shekara ashirin da suka wuce.